Gareji a Hanyar Dukku: Mai Wayarin da Ke Awo Kafin Ya Kwance

Ranar wata Asabar motata, Corolla mai giyar otomatik, ta ƙi tashi a unguwar Pantami da ke garin Gombe. Idan na murɗa makulli fitilun dashbod sukan kama tsaf, amma kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ko ƙas ba ya yi, kuma irin wannan mota ba a tura ta ta tashi. Bakaniken da na fara kira ko bonet bai gama buɗewa ba ya yanke hukunci cewa kik ya mutu, in ba da kuɗin wani. Zuciyata ba ta kwanta ba, sai aka ja motar zuwa wajen wani mai wayarin a hanyar Dukku.

Dattijon bai taɓa kik ba sai da ya ɗora mita a kan batir, ta nuna volt 12.6, wato cajinsa cikakke ne. Ya sa yaronsa ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batirin, ya kuma duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota, domin idan ta saki, wuta ba ta da hanyar komawa. Duk da haka shiru.

A nan na ga gwaninta. Ya ce, "Yallaɓai, wayoyi biyu ke shiga kik: babbar tana ɗauke da wutar batir kullum, ƙaramar kuwa sai an murɗa makulli take kai wa solanoid, wato makunnin da ke jikin kik, saƙo." Ya dangwala kwan gwaji a babbar, ya kama, ya koma ƙaramar, na murɗa makulli, kwan bai ko ƙifta ba. Bayan ya tabbatar giya tana kan P kuma an ja birkin hannu, sai ya ba ƙaramin bakin wuta kai tsaye da guntuwar waya, nan take kik ya juya injin da ƙarfinsa. Ashe lafiyarsa ƙalau, saƙon ne ba ya isowa.

Daga nan ya bi hanyar wutar baya baya. Ya mayar da giya N ko makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya ne ya lalace, bai ga canji ba, fiyus ma bai ƙone ba. Da ya zo kan rile, ɗan makunnin da ke miƙa saƙon makulli zuwa kik, ya ɗora yatsa ya ji yana motsi, amma wuta ba ta fita ta ɗaya ɓangaren. Ya sa wani irinsa, mota ta tashi a murɗawa ɗaya. Ya fasa tsohon ya nuna mini bakunan ƙarfen ciki sun yi baƙi ƙirin.

Wurin yana da nasa aibi. Inuwar dalbejiya ɗaya ce tal, benci kuma ɗaya, ga shi na yi fiye da awa biyu kafin layi ya zo kaina, kuma ba a ba da rasit. Rilen da ya sa mini na hannu ne, ko da yake bai ɓoye ba, ya ce in nemi sabo idan na samu sarari. Kuɗin aiki da na kaya gaba ɗaya bai kama ƙafar abin da aka nema a wurina na kik ba, kuma wata uku ke nan motar ba ta sake yi mini gardama ba.