Kashin kaji ko na shanu, wanne ya fi a lambu?

Malam, tambayarka ita ce kana son yin tumatir, albasa da ɗan latas da alayyahu a rani ba tare da takin zamani ba, kuma kuɗinka ba zai kai ka sayi duka biyu da yawa ba, toh wanne zaka ɗauka tsakanin kashin kaji da na shanu. Gaskiya ba aiki ɗaya suke yi ba shi ya sa zaka ji manoma suna ta musu a kai kowa da gaskiyarsa.

Kashin kaji ƙarfi gare shi. Sinadarin naitirojin da ke sa ganye yayi kore shar ya ninka na shanu sau 2 zuwa 3, kuma yana saki da wuri, ka zuba wa alayyahu ko latas ko kabeji cikin ɗan lokaci zaka ga sun miƙe. Amma zafi ne da shi wallahi, in ka zuba shi ɗanye kusa da dashe sai ka tarar bakin ganye ya ƙone saiwa ta mutu, wannan warin mai hawa kai da kake ji in an buɗe buhu shi ne alamar bai nuna ba. Sannan ka duba abin da aka sayar maka, na kajin ƙwai da ke keji kusan zalla ne, na buroila kuwa, wato kajin nama, rabinsa garin katako ne, kuma garin katako in bai ruɓe ba shi ma cin naitirojin yake a ƙasa, sai kaga shuka tayi rawaya kana mamaki bayan ka sa taki.

Na shanu sanyi ne da shi, baya gaggawa. Aikinsa gyaran ƙasar ne kanta, musamman in jigawa ce mai shanye ruwa, yana sa kwami ya riƙe danshi ka rage yawan tada inji, ga man fetur yadda yake yanzu wannan ba ƙaramin abu bane. Kuma amfaninsa yana kaiwa shekara ta gaba. Shi ya sa iyayenmu suke barin Fulani su sauka da shanu a gona bayan girbi, wasu kuma su yi ta jigilar taki a mangala tun kafin damina. Matsalarsa ƙwayar ciyawa, abin da saniya ta ci a daji da yawa yana fita da ransa, sai ka sha cira. In busasshe ne ka binne shi da kara a ciki kuma gara zata zo.

Inda nake so ka lura sosai shi ne tumatir da albasa. Tumatir in kashin kaji ya masa yawa sai ya tafi ganye, ya yi duhu gwanin kyau amma fure kaɗan ƴaƴa kaɗan. Albasa kuma wuyanta yayi kauri ta ƙi bushewa da kyau, ka zuba a rumbu ta fara ruɓa, alhali ribar albasa a ajiya take, tambayi mutanen Aliero ko Galmi. Don haka ni a ganina in ɗaya zaka saya, sayi na shanu ka yi shimfiɗa da shi a duk kwamin, ɗan canjin da ya rage ka sayi buhu ɗaya ko biyu na kaji ka ajiye wa ganyayyaki, tumatir kuma ka ba shi ɗan cikin hannu a gefe bayan dashen ya kama, kar ya taɓa jikinsa.

Ko wanne ne dai kar ka sa ɗanye, balle latas da ake ci ba dafawa, kashin kaji yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. A Amurka dokar noma ba sinadari tace in ɗanyen kashi ne sai an bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda baya taɓawa, kaga latas ma bata kai haka a gona ba. Don ya nuna, tara kashin a inuwa, ka haɗa da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa, ka yayyafa ruwa yayi danshi ba jagab ba, ka rufe da tsohon buhu ko tamfol, duk sati biyu ka juya da shebur. Soka rodi a tsakiya, in ka zaro ka ji da zafi toh yana dahuwa, wannan zafin ne ke kashe ƙwayar ciyawa da cuta. Bayan kamar wata 2 zai huce yayi baƙi yana ƙanshin ƙasa. Toka kuma kar ka cakuɗa ta da kashin kaji, korar ƙarfinsa take ya bi iska, zuba ta daban.

Kafin ka zuba a bedin reno ɗebi kaɗan ka haɗa da ƙasa a gwangwani ka shuka irin alayyahu, in ya fito lafiya cikin sati ɗaya sai ka ci gaba, in ya ƙi ka ƙara wa tarin sati biyu.