Shekara guda da sola a garejina na Suame: abin da ya ɗauka da abin da ya gagare shi

Garejina yana bayan Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a wani filin haya da ke kusa da hanyar Offinso, kuma abin da ke wurin bai wuce kwantena ɗaya mai tsawon ƙafa 20 ba, da rumfar kwano mai ɗaukar motoci uku, da ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Sana'ata gyaran wutar mota ce, ina da yara huɗu masu koyon aiki. Layin ECG, kamfanin wutar lantarki na Gana, bai iso filin ba, sai an kafa turakun lantarki biyu kafin waya ta kawo gare mu, mai filin kuma shekara bibbiyu yake ba da haya, don haka ban ga hikimar binne kuɗina a ƙasar da ba tawa ba. Shekaru da dama da ƙaramin janareta muke aiki, wanda na saya tun 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani har ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Bara na je wani shagon kayan sola a Adum na ba su aikin haɗa mini wuta, kuma yanzu da kayan suka ga damina suka ga hunturu, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi yadda na same su.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai shagon ya ƙi yanka mini farashi a ranar farko. Washegari ya turo wani matashin injiniya, wanda ya zauna a kan bencin garejin da littafi da biro, ya sa aka fito da duk abin da muke jonawa a wuta, yana juya kowanne yana karanta lambar wat da ke jikinsa, yana tambayata awa nawa yake aiki a yini. Dogayen fitilun LED shida masu wat 18, awa huɗu. Fitilun tsaro biyu masu wat 20, daga magariba zuwa asuba. Fanka, da kwamfutar da muke binciken laifin mota da ita, da cajar batirin mota, da injin yankan ƙarfe na hannu mai wat 800 wanda ba ya wuce minti ashirin yana aiki a yini. Da ya tara, lissafin ya tsaya kusa da yunit biyu da rabi, irin yunit ɗin da mita take ƙirgawa, wato wat 1,000 na tsawon awa guda.

Da muka zo kan kwamfiresa da injin walda sai ya rufe littafin ya ce, "Masta, waɗannan biyun kada ka sa su a rai. Idan na ce maka kayan da kuɗinka zai saya za su ɗauke su, na cuce ka." Ya bayyana mini cewa kwamfiresa mai ƙarfin doki biyu tana cin kimanin wat 1,500 idan tana tafiya, amma a daidai lokacin da take tashi tana fizgar ninki uku ko fiye da haka, kuma wannan fizgar ce take sa inbata, na'urar da take mayar da wutar batir irin ta layi, ta kashe kanta. Kafin nan na zaga shaguna biyu, kowanne ya ce mini komai zai tashi. Wannan gaskiyar da yaron ya faɗa, wadda ta rage masa ciniki, ita ce ta sa na ba su aikin.

Kayan da suka haɗa su ne farantan sola biyu masu wat 550 kowanne, da inbata mai ƙarfin kVA 3 wadda na'urar daidaita caji ta MPPT take cikinta, da batirin litiyam na LiFePO4 mai bolt 25.6 da amfiya-awa 100, wanda yake riƙe yunit biyu da rabi da ɗan ɗori. Kusan rabin kuɗin a batirin ya tafi, kuma a nan muka fi jan magana, domin ni mai gyaran wutar mota ne, ina da tsofaffin batura jibge a kwantena, na so a haɗa su a rage tsada. Da na nutsu na ga ni kaina na san amsar. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, nan take kuma altaneta ta mayar masa da abin da ya fitar. Idan aka riƙa zuƙe shi kowane dare, cikin 'yan watanni zai mutu. Ko batirin dalma da aka yi domin sola ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, kuma mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin yayin caji, wadda tartsatsi kaɗan ya isa ya kunna ta a rufaffen wuri. Shi litiyam ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye ba tare da an cutar da shi ba, ba a zuba masa ruwa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Farashin duk waɗannan kaya yana bin dala, saboda haka abin da na biya bara ba shi ne mai saye zai tarar yau ba.

Kwana biyu suka yi suna aiki, kuma aikin hannunsu ya yi tsabta. Sun kafa farantan a kan firam na ƙarfe suna fuskantar kudu da ɗan karkata, domin Kumasi tana arewa da tsakiyar duniya kaɗan, kuma karkatar tana sa ruwan sama ya wanke ƙura ya gangara. Na nemi a yi wa notunan walda saboda masu ɗauke-ɗauke, suka yi. Tsakanin batir da inbata sun sa waya mai kaurin yatsa da fiyus a kusa da kan batirin, abin da duk mai sana'ata zai fahimta, tun da wat 2,000 a kan bolt 24 ya haura amfiya 80, siririyar waya kuwa a irin wannan lodi zafi take yi har robarta ta narke. Sun buga sandar tagulla a ƙasa saboda tsawa da ɓallewar wuta. Na tambayi babbansu katin shaidar aikin wayarin na Hukumar Makamashi ta Gana, ya ciro ya nuna mini ba tare da ya ɓata rai ba, kuma ina ba kowa shawara ya yi wannan tambayar.

Wurin da na fi jin daɗin aikinsu shi ne rami. A da, idan yamma ta yi, yaro ɗaya ne yake riƙe tocilan waya yana haska wa mai aiki, ko mu ja doguwar waya daga janareta da kwan fitila a rataye a jikin sasi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan rami yake taruwa, kuma kwan da ya fashe a irin wannan wuri yana iya tayar da gobara. Sun jera fitilun LED masu bolt 12 a bangon ramin cikin rufin roba, ba su kai wutar bolt 230 can ba ko kaɗan. A Kumasi rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma yawancin direbobin trotro, wato ƙananan bas ɗin haya, sai sun gama lodin yamma suke kawo mota. Na tuna daren farko, an kawo wata Sprinter da wayar da ta ƙone a bayan dashbod. Na kunna fitilun rumfa, na ga launin kowace waya sarai, ja da ruwan ƙasa ba su rikice mini ba, kuma babu ƙarar inji, har ina jin ƙarar rile, ɗan makunnin wutar mota, idan ya kama. Babban yarona ya ɗago kai ya ce, "Masta, yau ana jin kiran sallar isha daga masallacin can." Shekara da shekaru janareta yana rufe mana shi. Ciwon kan da muke tashi da shi ma ya tafi, wanda na tabbata hayaƙin injin ne, domin idan ana ruwa ƙarƙashin rumfa muke jawo shi, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda take kisa a wurin da iska ba ta ratsawa.

Sai dai akwai kuskure biyu da suka yi, kuma na farkon ya dame ni ƙwarai. A lissafin da injiniyan ya yi bai sa abin da inbatar kanta take ci ba. Ko babu abin da aka jona, muddin tana kunne tana shan wuta, kuma da na sa mitata na auna sai na ga kusan wat 30 ne. A awa 24 wannan ya haura yunit 0.7, wato fiye da abin da fitilun tsaro biyu suke ci a dare guda. Daga Fabrairu zuwa Mayu ba mu lura ba, saboda batirin yana cika kafin azahar. Da Yuli da Agusta suka shigo, lokacin da gajimare yake rufe sararin Kumasi ana wuni ba a ga ƙwayar rana ba, abin da farantan suke tarawa ya sauka zuwa kusan rabi, batirin ya daina cika, kuma sau huɗu mai gadi yana faɗa mini cewa fitilu sun mutu tun kafin asuba. A wurin da motocin mutane suke kwana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na kira shagon, aka yi ta cewa gobe, sai da aka kwana tara kafin wani ya zo. Da ya zo bai yi gardama ba, ya amince an manta, kuma maganin da ya kawo ya yi aiki: muka cire fitilun tsaro daga inbata, muka sa masu ɗan farantinsu da batirinsu a jiki waɗanda suke ƙara haske idan sun ga motsi, ita kuma inbatar muna kashe ta idan mun tashi. Ni na biya kuɗin fitilun, su suka yi aikin kyauta. Har yanzu ina ganin da an yi lissafin daidai tun farko da ban sayi fitila sau biyu ba.

Kuskure na biyu shi ne sun kafa batirin da inbatar a bangon kwantena na yamma, wanda rana take duka daga azahar zuwa la'asar har ba ya taɓuwa da hannu. Zafi yana rage wa batirin litiyam kwana, fankar inbata kuma ba ta hutawa. Mu da kanmu muka mayar da su bangon da rumfa take yi wa inuwa, muka yanka tagogi biyu ƙanana muka rufe da raga.

Hunturu kuma da nasa. Jar ƙurar Suame da ta hazo suna kwanciya a kan gilashin kamar an barbaɗa gari, kuma ana ganin bambancin a allon inbata daga mako zuwa mako. Kowace Asabar da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi, ƙaramin yarona yana hawa da bokitin ruwa da tsumma mai laushi ya goge. Ba a sa omo, ba a kankara da ƙarfe, ba a kuma watsa ruwan sanyi a kan farantin da ya riga ya yi zafi.

Game da kayan aiki, injin yanka da injin huda suna tashi lafiya, cajar batir da kwamfuta ba su taɓa ba da matsala ba, saboda inbatar irin mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce kamar ta layi. Wata rana wani yaro ya jona kwamfiresar maƙwabcinmu ba da sanina ba, inbatar ta yi ƙara ta ɗauke, muka kashe muka kunna ta dawo, babu abin da ya ƙone. Mun koyi yin aiki mai nauyi tsakanin ƙarfe goma da uku, lokacin da wutar take zuwa kai tsaye daga farantai, mu bar batirin domin dare. Ƙaramin janaretan na sayar da shi, idan walda ta taso kuma sai mu kira mai babban inji a layinmu. Galan ɗin fetur da nake aikawa a cika kusan kullum yanzu yana rataye a kwantena.

Ga mai gyaran wutar mota, ko mai fenti da hannu, ko wanda yake da garejin ajiye mota a gida nesa da mita, irin wannan haɗi ya isa, kuma zan iya tura ɗan'uwana shagon nan, da sharaɗin ya sa su rubuta cin inbata a cikin lissafi, ya kuma karɓi takardar garanti mai lambar batirin a jiki, domin tawa sai da na koma sau biyu kafin na same ta. Mai walda da mai gyaran taya kuwa buƙatarsu ta ninka wannan, kuɗinta ma haka. Na riga na yi magana da injiniyan ya zo ya duba ko inbatar za ta karɓi faranti na uku, ina so a ƙara shi kafin gajimaren Yuli ya dawo.