Safar hannu ko robar yatsa: wanne ya fi tsare hannu a aikin sandar fatsa ta gora?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka. Ka ce wata biyu ke nan da ka fara koyon haɗa sandar fatsa ta gora a can Ingila, irin wadda ake jefa wa kifi ƙugiyar da aka ɗaure da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, kuma har ka yanke sau uku a hannun hagu. Kana so a gaya maka wanne za ka saya: safar hannu mai hana yanka, ko 'yar robar nan da ake sa wa yatsa. Sannu da ciwo, Allah ya ba da lafiya. Ni ma a jihar Fensilbeniya ta Amurka na koyi aikin, ba nisa da garin Easton inda ake cewa Samuel Phillippe ya fara tsaga gora yana manne ta tun wajen shekarun 1840, kuma tabon da ke ɗan alina na hagu har yau yana nan.

Kafin mu ɗora su a sikeli, bari mu fara da abin da ke yankan naka, don nan ne amsar take.

Gorar da ake wannan aiki da ita ba irin tamu ta sandar makiyaya ba ce. Gorar Tonkin ce, wadda ake nomawa a kudancin Sin, a gefen kogin Sui, tsakanin lardunan Guangdong da Guangxi, ana kuma sayar da ita ƙafa 12 tsawo. Abin da ya sa ake sonta shi ne jijiyoyi masu ƙarfi da suka cunkushe a ƙarƙashin ɓawonta. Su ne ke ba sanda tauri da lanƙwasa, su ne kuma ke zama aska idan an tsaga. Duk wanda ya taɓa feraye rake da haƙori ɓawon ya tsaga masa leɓe, ko ya ɓare karan dawa yana yaro ya ga jini bai san lokacin da ya fito ba, ya san irin kaifin da nake nufi. To, wannan ya fi su. Sandar mai fuska shida ce, tsinken gora shida ake mannewa wuri guda, kowane tsinke ana aske shi ya zama mai kusurwa uku, kowace kusurwa digiri 60. Wato kowane tsinke baki uku gare shi, biyun da ke gefen ɓawo kuwa su ne masu ɗaukar fata. Sanda mai gida biyu, gindi da kai, wadda aka yi wa kai biyu, tsinke 18 take ci, shida-shida sau uku. Ka lissafa sau nawa yatsunka za su bi ta kan waɗannan bakuna.

Yadda yankan ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. Tsinke yana kwance a cikin kwarin ƙarfen da ake aske shi a ciki, hannun dama yana tura filen, wato abin askin katako na kafinta, hannun hagu ya danne tsinken ta baya. Sai ruwan filen ya ci karo da gaɓa, ko ya ɗebo fiye da ƙima, ya kama. Maimakon ya yanka, sai ya fizge tsinken gaba ɗaya, tsinken ya zame ta ƙarƙashin yatsun da ke danne da shi. Inci biyu kawai zai yi tafiya, amma ya isa. Ba za ka ji zafi nan take ba. Jini za ka fara gani a kan ƙarfe. Saboda haka a wurin aski babban abokin gaba shi ne zamewa. Duk abin da ya hana tsinke motsi ya tsare maka hannu tun kafin a zo maganar ko zarensa yana jure kaifi.

Yanzu ga safar hannu. Wadda ake saƙawa da zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, ko da zaren Dyneema da danginsa, ba ta da na biyu wajen tsagar farko. A lokacin nan kana rungume da gora mai tsawo, ka kafa mata wuƙa, kana murɗawa kana tura ta, bakunan da suka tsage suna gogar tafin hannu, bayan hannu, har wuyan hannu. Robar yatsa ba ta da abin yi a nan, don yatsa uku kawai ta rufe, sauran hannun tsirara yake. Haka wajen gyaran gaɓa da magagari, da askin farko inda tsinke ke da kauri kuma kake cire nama da yawa. A waɗannan matakai safa ce, ba gardama.

Amma ka duba wadda za ka saya. Tunda a Ingila kake, za ka ga an buga EN 388 a bayanta, wato ma'aunin ƙarfin safa na Turai, da lambobi huɗu da harafi ɗaya. Lambobin na gogayya ne, da yanka, da yagewa, da hudawa. Harafin, daga A zuwa F, shi ne sabon gwajin yanka da aka ƙara a 2016, kuma shi ya fi dacewa ka kalla. C ko D ya ishe ka. Mu nan Amurka A1 zuwa A9 ake rubutawa, A3 ko A4 ne daidai da wannan. Kada ka ce sai F. Yawanci duk yadda lamba ta hau, kauri da tauri suna hawa, kai kuma hannun da ke jin abin da yake riƙe kake nema. Abu na biyu, wanda ya fi harafin muhimmanci a wurina: ka tabbata tafinta a shafe yake da roba. Zaren Dyneema tsurarsa santsi gare shi. Na taɓa aiki da irinta marar shafi, irin ta masu yankan nama, sai na ga tsinke yana wasa a hannuna fiye da da. Ba ta bari ya yanke ni ba, gaskiya ne, amma ta sa ina matsawa da ƙarfi har hannu ya gaji kafin in gama tsinke huɗu.

Inda safar saƙa take ba da kunya shi ne sartse. Saƙa ce, tana da ƙofofi. Gwajin hudawa na EN 388 da ƙarfe mai kaurin babbar ƙusa ake yin sa, sartsen gora kuwa ya fi allura siranta, sai ya bi ta tsakanin zare ya shige. Ko lambar hudawa ta kai 4, kada ka ɗauka ta yi maka alkawarin komai game da sartse. Shafin roba yana ragewa a tafi, bayan hannu kuma a buɗe yake. A nan safar fata ta fi ta. Fata ba ta kai Kevlar jure kaifi ba idan aka gwada su da reza, amma ba ta da ƙofa, sartse yana tsayawa a kanta. Shi ya sa ranar tsaga nake sa ta fata a hannun da gora ke gudu a cikinsa, ta saƙa kuma a hannun da ke riƙe da wuƙa.

Akwai kuma zancen wuta. Ana miƙar da gaɓa ne da injin huro iska mai zafi, sannan a matse ta a ƙarfe, kuma ana gasa tsinkaye a tanda wajen digiri 175 a ma'aunin salshiyos. Zaren Dyneema roba ne, yana narkewa wajen digiri 145, iskar injin kuwa tana wuce 300 cikin sauƙi. Idan ya narke a jikin fata yake mannewa. Kevlar ba ya narkewa, safar fata ma haka. Don haka duk ranar da za ka kunna wuta, ka cire mai Dyneema, ka cire robar yatsa, ka sa ta fata.

To, robar yatsa fa? Ka fara rarrabewa. Akwai siririya irin ta asibiti, wadda ake naɗawa a kan ciwo. Wannan ba ta tsare komai, tsinke yana tsaga ta kamar ledar biredi. Wadda ake nufi ita ce mai kauri, mai ƙuraje-ƙuraje, irin wadda ma'aikatan banki ke sawa suna ƙirga kuɗi. A shagon kayan rubutu ake samun ta, kuɗinta kaɗan. A askin ƙarshe ita ce sarauniya, kuma ga dalili. Tsinken kan sanda yana sirancewa har ƙarshensa ya gaza milimita ɗaya. Kana cire abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci ba a kowace tafiya, kana juya tsinken bayan kowace tafiya ko biyu don kusurwa ta tsaya daidai, kana ɗaukar ma'auni a kowane inci biyar. Da safa ba za ka iya ɗaga wannan tsinke daga kwari ba tare da ka lanƙwasa shi ba, kuma zarenta yana kama ƙarshensa ya karya. Wanda ya yi awa guda a kan tsinke ɗaya ya ga kansa ya ɓalle a jikin safa, ya san baƙin cikin. Robar yatsa kuwa a babban yatsa da ɗan ali da na tsakiya kawai take, sauran hannun yana ji. Kuma tana kama gora ƙam. Ba wai ta fi Kevlar jure kaifi ba ne, ko kusa; abin da take yi shi ne hana tsinken zamewa tun farko.

Aibinta biyu. Tana tara gumi, bayan minti ashirin yatsa ya yi fari ya yi laushi kamar na mai wanki, fata mai laushi kuwa ta fi saurin yankuwa idan ka cire. Ka riƙa cirewa kana shan iska, ka nemi mai huda a bayanta. Na biyu, tana tsayawa a gaɓar farko ta yatsa. Yankan da ya bar mini tabo a ƙasan robar ya same ni, daidai inda ta ƙare, don na kwantar da yatsan a kan tsinke maimakon in danna da kansa. Tun daga ranar nake haɗa ta da bandejin nan mai kama kansa, wanda ba ya manne wa fata, irin wanda masu sassaƙa ke naɗawa. Zagaye uku ko huɗu daga inda robar ta tsaya zuwa gindin yatsa. Wasu ma shi kaɗai suke amfani da shi, don yana shan iska, sai dai riƙonsa bai kai na roba ba kuma kullum sai ka sake sabo. Idan ka je gida hutu, baduku zai iya ɗinka maka kuben babban yatsa da fatar akuya mai laushi, dogo har gindi. Ina da guda, kuma ya fi duk abin da na saya daɗin sawa, ko da yake wajen riƙo roba tana gabansa.

Wuri ɗaya ne ba na yarda da ko ɗaya daga cikinsu, musamman safa: gaban injin da ke juyawa. Injin da ake feraye mariƙin sanda da shi, ko injin fitar da kusurwa, zuriyar wanda Hiram Leonard ya ƙera bayan ya fara yin sanda a garin Bangor na jihar Maine ta Amurka a 1871. Safa idan inji ya kama ta, ba ta yagewa ta sake ka, hannun take ja ciki, kuma mai hana yanka ta fi kowacce ƙin yagewa. A nan hannu tsirara, a naɗe hannun riga, a tura tsinke da katako. Ina roƙonka kada ka yi wasa da wannan.

Sai dai zan gaya maka gaskiya, yanka uku a wata biyu ya fi kama da laifin ruwan filen fiye da rashin safa. Ɓawon gora yana da sinadarin yashi a jikinsa, yana dakusar da ƙarfe da wuri. Ruwa idan ya dakushe sai ka ƙara ƙarfi, idan ka ƙara ƙarfi sai ya kama a gaɓa. Ni ina komawa dutsen wasa bayan tsinke biyu ko uku, ban jira sai na ji ya fara turjiya ba. Ka rage zurfin cin ruwan, ka matse bakin filen. Ka kuma bar rarar inci uku ko huɗu a gindin kowane tsinke, ya leƙo bayan ƙarfen, ka kama shi da ɗan matsi mai sifirin ko ka danne shi da guntun robar cikin tayar keke, yadda ko ya fizga ba a kan fatarka zai gudu ba. Hannun hagu kullum a bayan filen, kada ya shiga gabansa. Kuma ka daina shafa tsinke da yatsa don ka ji ko ya yi sumul, ko ka share ƙura daga kwari da tafin hannu. Buroshi ne aikinsa. Kana da halin nan, na sani, don kowa da shi yake farawa.

In kuɗin abu ɗaya gare ka yau, kuma ka riga ka wuce tsaga kana kan aski, sayi robar yatsa da bandeji, ka sa sauran kuɗin a dutsen wasa mai kyau. In kuwa akwai sabuwar gora a jingine tana jiran wuƙa, safa ce farko, mai shafin roba, mai harafin C ko D, da ta fata a gefe.

Game da ciwon da ke hannunka yanzu: ka wanke da ruwa mai gudu da sabulu, ka duba da kyau a haske ko akwai sartse a ciki, ka cire da hantsaki ta hanyar da ya shiga. Sartsen gora yakan karye ya bar guntu, kuma sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna shi. Idan wurin ya kumbura, ya yi ja, yana zugi bayan kwana biyu, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, ko gefensa ya mutu ba ka jin taɓi, ka je asibiti a ranar, don jijiyoyin yatsa ba su da nisa da fata. Ka tambaye su batun allurar tetanus idan ka daɗe rabonka da ita. Kada kuma ka taɓa gam ɗin manne tsinkaye da buɗaɗɗen ciwo. Ranar manni ka rufe shi da filasta, ka ɗora siririyar safar roba a kai.