Motar da ta kai mu Wadil Hitan: direba ya kyauta, ofis ya ci mana lokaci

Kawuna ya zo Alƙahira duba lafiya a watan Janairu, likita ya ce a dawo bayan kwana biyar a karɓi sakamako. Na ɗauka zai ce in kai shi dalar Giza ko masallacin Husaini, kamar yadda kowane baƙo ke nema. Sai ya ce, "Ɗana, akwai wani kwari a Fayyum da ƙasusuwan wel ke kwance a kan yashi. Shekara talatin ina gaya wa yara a aji cewa teku ta taɓa rufe Sahara, ban taɓa gani da idona ba. Can za ka kai ni." Malamin labarin ƙasa ne, a Sakkwato ya yi ritaya. Ni kuma ɗalibi ne a Azhar, shekarata huɗu a Masar, don haka ɗawainiyar neman mota ta hau kaina.

Wurin sunansa Wadil Hitan, wato kwarin wel da Larabci, manyan dabbobin tekun nan da muke ce wa kifin wel. Yana cikin hamadar yammacin Masar, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Alƙahira. Ba wurin da za ka tari motar haya a tasha ka ce a sauke ka ba ne. Sai na nemi ɗaya daga cikin kamfanonin yawon buɗe ido da ke talla a Facebook, muka yi ciniki ta WhatsApp. Sun ce kuɗin ya haɗa da mota daga ƙofar gida, da abincin rana, da tikitin shiga. Abin da muka biya mu biyu ya kai kuɗin cefanena na wata guda, ban kuwa yi ƙorafi ba, don Kawu ba kullum yake zuwa ba. Sau uku na rubuta musu cewa ƙasusuwan nan ne suka fito da mu, ba wasan yashi ba. Sau uku suka amsa da "Hadir, ya basha," wato "To, ranka ya daɗe."

Direban ya iso unguwar Hayyul Ashir ƙarfe shida da 'yan mintuna, da Land Cruiser tsohuwa amma tsaf. Mutumin Fayyum ne, zai kai shekara hamsin. Da ya ga Kawu yana neman inda zai dafa ya hau, sai ya zagaya bayan mota ya ɗauko wani ɗan akwatin katako ya ajiye masa a ƙasa ya taka, ya ba shi kujerar gaba, ya rufa masa bargo a gwiwa. Tun daga nan "ya Hajj" yake kiransa, ni kuma ina ce masa "usɗa", yadda ake kiran direba a nan. Wannan mutumin ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Bai yi gudun ganganci ba, da azahar ta yi shi ya fara tuna mana salla, kuma akwai buta da darduma a motarsa.

Matsalar daga ofis ta fito. Da muka kai Giza sai mota ta tsaya, samari uku suka shigo da lasifika da kwandon lemo. Babu wanda ya gaya mana za a haɗa mu da wasu. Yaran kirki ne, sun gaida Kawu da ladabi, sun rage kiɗansu ba tare da an roƙe su ba. Amma su an sayar musu da ranar shaƙatawa, mu an sayar mana da ranar kallon ƙasusuwa, aka zuba mu a mota ɗaya, rana kuwa ɗaya ce.

Haka muka share hantsi a magangarar ruwa ta Wadir Rayyan. Ruwan yana zubowa daga tafkin sama zuwa na ƙasa, kuma tafkunan biyu daga rarar ruwan gonakin Fayyum aka same su. Wurin yana da kyau, amma minti ashirin ya isa. Mun yi fiye da awa ɗaya. Daga nan aka wuce tudun yashi, samarin suna sulalowa a kan katako suna ihu, Kawu yana zaune a mota yana duba agogo bai ce uffan ba. Na san halinsa, shirun nan ya fi faɗa zafi. Abincin rana shinkafa ce da gasasshiyar kaza da salak da tahina, da shayi a kan gawayi. Ya yi daɗi, ya ishe mu, sai dai shi ma ya ci awa guda. Sai wajen ƙarfe uku saura muka ga ƙofar Wadil Hitan, a lokacin hunturu da rana ke saurin faɗuwa.

A nan mota take tsayawa, sauran tafiyar ta ƙafa ce. Gidan tarihin da ke bakin shiga an buɗe shi a watan Janairun 2016. Ginin ƙubba ne mai launin yashi, rabinsa a cikin ƙasa, idan ba ka matso ba sai ka ɗauka tudu ne. Kana shiga za ka tarar da shi a tsakiyar ɗaki, kwance a miƙe, kusan mita 18: Basilosaurus, wani nau'in wel na zamanin da. Kawu ya tsaya cak, ya cire hularsa ya mayar, ya ce "Subhanallah" a hankali. Ƙasusuwan bayan dabbar kamar ƙananan turame ne aka jera, ɗaya na bin ɗaya har jela. Haƙoran gaba masu tsini ne na cafka. Na ciki faffaɗa ne, bakinsu kamar zarto, kowanne da saiwa biyu.

Saiwar nan biyu tana da labari, Kawu ne ya ba ni muna tsaye. A 1834 wani masani a Amurka, Richard Harlan, ya ga irin waɗannan ƙasusuwa ya zaci na wani ƙaton ƙadangare ne, shi ya sa ya raɗa masa Basilosaurus, wato sarkin ƙadangaru. Bayan 'yan shekaru Richard Owen na Ingila ya duba haƙoran ya ce a'a, wannan dabba ce mai shayarwa. Gaskiya ta fito, amma sunan farko ya riga ya zauna. Mu a Hausa mukan ce kifin wel, alhali ba kifi ba ne: haihuwa yake yi, yana shayar da ɗansa nono, kuma da huhu yake numfashi, dole ya taso saman ruwa ya shaƙi iska.

Abin da ya fi riƙe mu shi ne ƙafa. Dabba mai tsawon da ya haura babbar motar safa tana da ƙafafun baya da ba su kai mita ɗaya ba, amma da gwiwa, da idon sawu, da 'yan yatsu. Ba za su iya ɗaukar jikin nan ko taku ɗaya a tudu ba. Philip Gingerich na Jami'ar Mishigan ne ya gano su a wannan kwarin a 1989, kuma su ne suka ɗaga sunan wurin a duniya, domin masana suna kafa hujja da su cewa kakannin wel a tudu suka rayu da ƙafa huɗu kafin su koma ruwa. Kawu ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gilashi, yana nuna ƙasusuwan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, ka ga gwiwa? Gwiwa ce sosai." Na ce, "Na gani, Kawu." Ya ce in ɗauka a waya, in matso da hoton, kada inuwata ta rufe.

Muna fitowa sai na ga usɗa a gefe da waya a kunne, murya ta ɗaga. Ofis ne ke cewa ya juyo da mu ƙarfe huɗu. Na ji shi yana cewa dattijo ya taso tun daga Najeriya saboda wurin nan, shi ba zai tada mota ba sai ma'aikatan wurin sun ce a fita. Ya kashe waya ya ce mana, "Ku tafi, ya Hajj, ni ne da mota." Samarin ma suka ce sun yarda, biyu daga cikinsu har suka biyo mu.

Hanyar cikin kwarin an shata ta, kana bi kana tarar da ƙasusuwa a inda aka same su, an kewaye kowane da igiya a kan 'yan turaku. A nan ne abin ya fi shiga jikina, fiye da cikin gini. Babu gilashi, babu rufi. Ƙashin baya ne a kwance a kan yashi, ya ɗan lanƙwasa, haƙarƙari a warwatse gefe da gefe, launinsa ɗaya da ƙasar da yake kai. Kewaye da kai duwatsun yashi ne da iska ta sassaƙa, wasu kamar rumbu, wasu kamar lema. Shiru kuwa har kana jin ƙarar takalminka. Kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce duk nan ƙarƙashin teku ne, wadda masana ke kira Tetis. Dabba ta mutu ta nutse, laka da yashi suka binne ta, suka daskare suka zama dutse, ruwa ya janye, sannan iska ta yi ta kankare dutsen har ƙashi ya sake fitowa fili. Ɗaruruwan irinsu aka ƙirga a kwarin. An fara lura da su tun wajen 1902, UNESCO kuma ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya a 2005.

Ba Basilosaurus kaɗai ba ne. Akwai ɗan'uwansa Dorudon, mai kimanin mita 5. A 2019 masu bincike suka bayyana abin da suka tarar a gurbin cikin wani Basilosaurus na wannan kwarin: ƙasusuwan 'ya'yan Dorudon da na babban kifi. Ke nan babban yana farautar 'ya'yan ƙaramin. Akwai burbushin kada, da kififfiya, da haƙoran kifin shak. Da muka zo kan wasu haƙarƙari masu kauri, gajeru, allon ya nuna na wata dabbar ruwa ce mai cin ciyawa, sai Kawu ya yi dariya ya ce, "Ai wannan dangin ayu ne!" Haka ne kuwa, dangi ɗaya suke da ayun da masunta suka sani a kogin Binuwai da Kwara. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce mu ma teku ta taɓa ratsa ƙasar Sakkwato, har akwai wani ƙadangaren teku na zamanin da wanda aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Na fassara wa samarin nan da Larabci, ɗaya ya ce bai taɓa sanin Najeriya na da irin wannan ba. Kawu ya ce in gaya masa su ma nasu suna ƙoƙari, don Hisham Sallam da ɗalibansa na Jami'ar Mansura sun bayyana wani wel mai ƙafa huɗu daga Fayyum a 2021.

A wani wuri Kawu ya tsuguna ya tsinci ɓawon ƙumba da ya zama dutse, bai fi girman kwabo ba. Ya juya shi a tafin hannu, ya goge yashin da babban yatsa, layukan jikinsa suka fito raɗau kamar jiya aka ciro shi daga ruwa. Na san yana so. An hana ɗaukar komai daga kwarin, shi ma ya sani. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da shi daidai ramin da ya bari, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

Ba mu kai ƙarshen hanyar ba. Rana ta yi ja, sanyi ya fara sauka, aka yi mana alamar mu juyo. Abin da ya ɓata min rai ke nan har yau. Awa uku da aka kashe a magangara da tudun yashi, da a nan aka kashe su da Kawu ya ga komai a natse, ya zauna a rumfunan hutawa da ke kan hanya, bai riƙa sauri da gwiwar ɗan shekara saba'in ba.

Wanda zai je, ya sa a rubuta masa tun wajen ciniki cewa Wadil Hitan za a fara zuwa, kuma awa uku aƙalla. Ya tambaya ƙarara ko motar tasa ce shi kaɗai ko ta haɗaka, don a nan aka yi mana rufa-rufa. Ya riƙe fasfo saboda shingen jami'an tsaro, da kuɗi a hannu, da ruwan sha fiye da yadda yake zato, da rigar sanyi idan hunturu ne. Waya takan rasa sabis a can, don haka a gama magana da ofis kafin a bar gari. Kada a je da zafi, musamman da dattijo. Akwai masu kwana a tanti kusa da wurin, idan Allah Ya sake kawo Kawu haka za mu yi.

Washegari ofis ya turo saƙo yana roƙon tauraro biyar. Na ba su uku, na rubuta cewa biyu daga ciki na direba ne, na kuma faɗi dalili. Ba su amsa ba. Usɗa kuwa na karɓi lambarsa tun a hanya, na ƙara masa wani abu a hannu da muka sauka, ya ƙi karɓa sai da Kawu ya sa baki. Hoton gwiwar nan Kawu ya sa na wanke masa shi babba kafin ya koma gida, ya ce zai kai wa malamin da ya gaje shi a makaranta ya liƙa a bangon aji.