Fastocin zanen Punch na tsoron mamaya: bugu mai kyau, bayani ya yi kaɗan

Wani shagon buga takardu a kusa da babbar kasuwar Maradi yana sayar wa malaman tarihi fastoci goma sha biyu, girman A3, na zane-zanen barkwancin siyasa daga mujallar Punch ta Landan, wadda aka fara bugawa a 1841. Dukkansu a kan abu ɗaya suke: fargabar Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya cewa Faransa za ta ƙetaro teku ta auka mata.

Zaɓin ya fi ƙarfi a shekarun 1859 zuwa 1860, kuma nan ne ya kamata. A 1859 Faransa ta Napoleyon na uku ta saki La Gloire, jirgin yaƙi mai sulken ƙarfe, hankalin Ingila ya tashi. A shekarar aka kafa rundunonin 'yan sa-kai masu bindiga, daga bisani gwamnatin Firayim Minista Palmerston ta shiga gina ganuwoyi a bakin teku, musamman kewayen Portsmouth da Plymouth, sannan a ƙarshen 1860 aka saki jirgin Warrior don mayar da martani. Duk wannan ɗalibi zai iya karanta shi a fuskokin zanen: John Bull, mutumin da ke wakiltar Ingila a zane, mai ƙaton ciki da karensa, Britaniya, macen da ke wakiltar ƙasar, da hular ƙarfe da mashi mai baki uku, Napoleyon da gashin baki mai tsini. Amma tsoron ramin ƙarƙashin teku da zai haɗa Ingila da Faransa, wanda ya sa aka tsayar da haƙa a 1882, fasta ɗaya kawai ya samu, dokar ƙara jiragen yaƙi ta 1889 kuwa ba ta samu ko ɗaya ba.

Bugun shi ne abin yabo. Waɗannan zanuka ba hotuna ba ne. Masu zanen Punch, John Leech da John Tenniel, suna zanawa a kan katako, masassaƙa su yanke layi bayan layi, don haka inuwa duk siraran layuka ce jere da juna. In aka kwafo su daga intanet da ƙaramin nauyi, layukan sukan haɗe su zama toka-toka, fuska ta ɓace. Takwas daga cikin fastocin a fili suke, da alama an ɗauko su a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, aka buga da injin leza a takarda mai kauri, kusan giram 200 a murabba'in mita. Huɗu sun yi dishi-dishi, biyu ma har da wani zane kamar saƙar tabarma a sararin samaniya, abin da ke faruwa idan an kwafo daga littafin da aka riga aka sake bugawa da ɗigo-ɗigo. Mai saye ya matso da ido kan rigar John Bull: in yana iya ƙirga layukan, bugun ya yi.

Babbar matsala ita ce rubutun ƙasa. Don zanen ya cika takarda, an yanke rubutun daga fastoci uku, alhali a Punch rabin barkwancin yana cikin maganar da ke ƙarƙashi. Sauran kuma an bar su da Ingilishi tsagwaro, babu Faransanci, babu Hausa, babu shekara. Ɗalibin da ya ga ɗan sa-kai da kakin da ya yi masa yawa zai ɗauka ana yabon jarumta ne, nan kuwa Leech tsokanarsa yake yi.

Wanda zai saya ya nemi abu uku kafin ya biya. A rage zanen zuwa kashi 85 cikin ɗari don a bar fili a ƙasa. A buga rubutun asali da fassara da shekara a wannan filin. A sa rufin roba marar sheƙi, domin mai sheƙi yana mayar da hasken taga, na bayan aji ba sa ganin komai. Rufin dai dole ne, ƙurar hunturu da laimar damina ba sa barin farar takarda ta shekara a bango. Masu shagon suna karɓar gyara in an kawo fassarar a rubuce, amma su ba sa fassarawa, kuma aikin yakan ɗauki kwana biyu in wuta ba ta ɗauke ba.