Man ɓawon mandarin ja na Sisili: me ake biya a cikin kwalbar?

Kwalba ce ƙarama mai duhu, mili 10, an rubuta Citrus reticulata a jikinta, sunan kimiyya na mandarin, wani lemu ɗan uwan tanjirin; wannan daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya yake. Matse ɓawon nunannen lemun aka yi ba tare da wuta ba, shi ya sa man ya fito ja-ja, har yakan bar tabo a farin yadi. Tsada kam ya fi man lemun zaƙi nesa ba kusa ba.

Kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ke ciki limonin (limonene) ne, sinadarin da ke cikin ɓawon kowane lemu. A man lemun zaƙi ma ya haura kashi 90, don haka ba shi ake biya ba. Sai sinadarin gama-tafinin, kashi 16 zuwa 22 na man mandarin, mai kawo ɗan kaifi. Ainihin ƙanshin yana wajen wani sinadari da bai kai kashi 1 ba, metil N-metilantiranilet, mai ƙanshi tsakanin inabi da furen lemu, da ɗan wasu sinadarai biyu, taimol da alfa-sinensal, suna mara masa baya. Man tanjirin, wanda masu shago kan miƙo a madadinsa, kusan ba shi da wannan sinadari mai ƙanshin inabi, shi ya sa yake tashi salam, zaƙi kawai.

Gwajin gane na gaske ba wuya. A ɗiga ɗigo biyu cikin cokali ɗaya na sifirit, a haska da fitilar duba jabun kuɗi a ɗaki mai duhu. Na gaske yana ƙyallin shuɗi. Gwajin yana tona asirin man lemun zaƙi da aka zuba wa kala, amma ba ya tona asirin wanda aka ƙara wa irin wannan sinadari mai ƙanshin inabi da aka haɗa a masana'anta.

Babban aibinsa rashin jure iska da zafi. Gama-tafinin yana rikiɗa ya koma wani sinadari, para-saimin, ƙanshin ya juya kamar kananzir. Limonin kuma idan ya sha iska yana haifar da abubuwan da ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje. A toshe murfin sosai, a ajiye a firji, a ƙarar da shi cikin shekara. Babbar kwalba asara ce ga mai amfani kaɗan-kaɗan, domin iskar da ke saman man tana ƙaruwa yayin da yake raguwa.

Ga mai haɗa humra ko turaren fesawa, ya cancanci kuɗinsa, muddin an san shi ne ƙanshin da ke fara bugun hanci ya wuce, sai an ɗora shi a kan sandal ko miski. Don shafawa, ɗigo 6 cikin mili 30 na man kwakwa ya isa, kada a shafa shi tsura. A turaren wuta kuwa garwashi yana cinye shi nan take, a sabulun soda ma ƙanshin yana dusashewa kafin sabulun ya gama bushewa. A nan man lemun zaƙi mai araha ya wadatar.