Kallon fim a Jabi Lake Mall lokacin hunturu

Silimar Silverbird da ke cikin Jabi Lake Mall, cibiyar kasuwanci a Abuja, ta cancanci kuɗinta, musamman a Disamba da manyan fina-finan Nollywood ke fitowa. Hoto garau, sauti na ratsa ƙirji.

Sabon fim ranar Juma'a yake shiga, don haka daren Juma'a da Asabar layin tikiti kan yi tsawo. Ku iso da rabin awa a hannu, ko ku zaɓi Talata da rana. Kujerun tsakiya zuwa baya sun fi, na gaba wuya suke gajiyarwa. A sa wa yara rigar sanyi, domin na'urar sanyaya ɗaki ba ta san hunturu ba.

Abin da ke ci mana rai, fim ɗin Hausa ba kasafai ake haska shi ba.